Gwaji 128 a Kan Ɗan Faranti Ɗaya

A shekarar 1911, a garin Leiden na ƙasar Holan, masanin kimiyya Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba har ta kai digiri 269 ƙasa da sifiri, sai ya ga wutar lantarki na ratsa ta ba tare da wata turjiya ba. Wayar jan ƙarfe da muka sani takan ɗau zafi, ta cinye wani kaso na wutar da take ɗauke da ita. Zaibar nan ba ta ci ko ɗigo ba. Sai dai irin wannan sanyi ba ya samuwa sai da ruwan hiliyam mai ɗan karen tsada.

Sai a 1986 aka samu babban sauyi. Georg Bednorz da Alex Müller na kamfanin IBM a Zurich suka gano cewa wani haɗi mai kama da tangaran, na lantanam da bariyam da jan ƙarfe da oksijin, yana yin wannan aiki a kusan digiri 238 ƙasa da sifiri. Shekara guda bayan haka aka ba su kyautar Nobel. A 1987 ɗin kuma, masu bincike ƙarƙashin Paul Chu da Maw-Kuen Wu a Amurka suka sa yitiriyam a gurbin lantanam, abin ya haura zuwa digiri 180 ƙasa da sifiri, inda ruwan naitirojin mai araha ya isa.

Nan fa wahalar ta fito fili. Kowane sabon haɗi sai an auna garinsa, an niƙa, an gasa a tanderu na sa'o'i, an sake niƙawa, sannan a gwada. Sinadarai huɗu ko biyar, kowanne da ma'auni iri-iri, suna ba da haɗe-haɗen da ran mutum ɗaya ba zai ƙare gwadawa ba.

Tun 1970 Joseph Hanak na kamfanin RCA ya kawo shawarar a riƙa yin samfura da yawa a tashi ɗaya, amma na'urorin zamaninsa ba su kai ba. A 1995, Xiao-Dong Xiang da Peter Schultz da abokan aikinsu a ɗakin binciken Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya suka nuna yadda za a yi, a mujallar Science. Sukan rufe ɗan faranti da marfi mai huji-huji, su fesa sinadari siriri ƙwarai, ya sauka a rabin gurabe kawai. Su sauya marfi, su fesa wani. Kowane fesi yana ninka yawan haɗin, sau bakwai ya ba da 128. Sai a gasa farantin gaba ɗaya. Kamar manomi ne da ya yanka gonarsa fegi-fegi, ya shuka iri daban a kowanne, damina ɗaya ta nuna masa gwani.

Abin da suka tsinta a farantin, haɗin bismut da na yitiriyam, an riga an san su. Ai dama manufar ke nan: a tabbatar dabarar ba ta ƙarya. Bayan haka kamfanin Symyx ya bi wannan dabara, ya jera samfura kusan 25,000 a faifai ɗaya wajen neman sinadarai masu fitar da haske, kuma a 1998 ya sanar da wani sabon haɗin sitirontiyam da siriyam mai haske fari-shuɗi.

Dabarar ta cancanci yabo, amma tana da iyaka. Auna dubban ɗigo ƙanana ya fi haɗa su wuya, kuma abin da ya yi kyau a sirara kan faranti ba lallai ya yi kyau a dunƙule ba. Har yau, idan ba a matsa shi da ƙarfi ba, a cikin masu ɗaukar wuta ba turjiya, haɗin da ya fi kowanne jure ɗumi shi ne na zaiba da aka gano a Zurich a 1993, a kusan digiri 140 ƙasa da sifiri, kuma da tsohuwar hanyar niƙa da gashi aka same shi.