Yuraniyom ɗin Arlit: dala 105 ko jika 40?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wani saƙo yake yawo a WhatsApp: wai Faransa tana sayen kilon yuraniyom ɗin Nijar a kan santim 80 na yuro, wato kusan dala 105 a kuɗin sefa, kuɗin da ko tiyar gero ba za su saya ba. Ƙarya ce tsagwaronta. Tun a 2007, zamanin Tandja Mamadou, aka ja daga da kamfanin Areva na Faransa har kilo ya tashi daga sefa 27,300 zuwa jika 40. A ce an daɗe ana ƙwarar Nijar a cinikin, da ƙamshin gaskiya, amma ba a wannan farashin ba.

Sai masu cewa in Nijar ta rufe ma'adinanta, Faransa ta shiga duhu. Gaskiya ne kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga nukiliya suke, sai dai wajen kashi 20 cikin 100 na yuraniyom ɗinta ne ya riƙa fitowa daga Nijar. Kazakistan ta fi ba ta, ga Uzbekistan, ga Ostireliya. An ƙwace wa Faransawa lasisin ma'adinin Imouraren a 2024, gwamnati ta karɓe kamfanin Somaïr mai haƙa a Arlit a 2025, fitilun Paris kuwa ko ƙiftawa ba su yi ba.

Kuma ba Faransawa kaɗai suka zuba jari ba. Sinawa sun haƙa a Azelik kusa da Ingal, 'yan Kanada suna Dasa. Ita kanta gwamnati, ta hannun kamfaninta Sopamin, tana da fiye da kashi 36 na Somaïr tun kafin ta haɗiye sauran.

Abin da ba jita-jita ba shi ne wanda ya fi ciwo, kuma shi ne ba a cika turawa a waya ba. Tun 1971 ake haƙa a Arlit, amma har zuwa 2023 yawancin wutar Nijar daga Najeriya ake jawo ta. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake wa laƙabi da hanyar yuraniyom, direbobi sun san yadda take cin tayoyi. Kamfanin haƙa na Cominak ya rufe a 2021, ya bar tsibin sharar ma'adini mai tiriri, kimanin tan miliyan 20, a gefen garin Akokan kusa da Arlit, inda iskar hunturu take kaɗawa ta nufi gidajen mutane.