Littattafan Matasa a Arewacin Zamfara: Soyayya, 'Yan'uwantaka da Ciwon Rashi

Littafin matasa ƙagaggen labari ne wanda taurarinsa suke tsakanin balaga da aure, kuma abin da ya dame su shi ne abin da ke damun sa'o'insu: makaranta, iyaye, 'yan'uwa, son farko da mutuwar farko da ta taɓa mutum a jika. A Amurka da Ingila kamfanonin ɗab'i sun ware wa wannan rukuni gurbinsa tun daga wajen 1967, lokacin da S. E. Hinton ta fitar da The Outsiders, labarin wasu 'yan'uwa uku marayu. Har gobe ana kan wannan turba. I'll Give You the Sun na Jandy Nelson, wanda ya fito a 2014, labarin tagwaye ne masu baiwar zane da sassaƙa waɗanda mutuwar mahaifiyarsu ta raba kansu. A ƙasar Hausa ba a yi wannan rabe-raben ba. Abin da matasa ke karantawa sunansa littafin soyayya, kuma shi ne dai uwar gida da amarya da 'yar makaranta suke miƙa wa juna.

Tushen abin ya daɗe. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar, kuma daga wannan zubin ne Jiki Magayi ya fito, wanda ya ginu a kan budurwar da mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi. Sai dai littafin da aka fi ɗauka a matsayin mabuɗin soyayyar zamani shi ne So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin ɗab'i na NNPC ya buga a 1980. Marubuciyar haifaffiyar Kano ce, amma ta yi zama mai tsawo a Gusau, har ta nemi takarar gwamnan Zamfara a 2003. Bayan haka kasuwa ta buɗe a Kano. Yaran da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya koya wa karatun boko sun girma suna neman abin karantawa da harshensu, kamfanonin ɗab'i kuwa sun durƙushe saboda matsin tattalin arziki, sai marubuta suka koma buga littattafansu da kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987 da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta mamaye ɗakunan mata da Allura Cikin Ruwa. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan yayi Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare littattafan, aka daɗe ana tafka muhawara a jaridu.

Waɗannan littattafai sun isa arewacin Zamfara ta hanyar da kowane kaya ke bi: daga Kano zuwa Gusau, daga Gusau zuwa Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, sannan a rarraba zuwa Moriki da Zurmi da Shinkafi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983 ta tara matasa masu karatu daga wurare daban-daban, makarantun kwana na 'yan mata kuma sun zama matattara. Littafi ɗaya kan zagaya ɗaki guda har bangonsa ya fita, a ɗinke shi da zare a ci gaba. Wanda ba shi da kuɗin saye yakan karɓi haya.

Yau takardar ta ja baya, waya ta karɓi aikin. Marubuciya takan buɗe zaure a WhatsApp ko shafi a Wattpad da Facebook, ta riƙa sakin labari shafi-shafi. Na farko-farko kyauta ne, don a ɗanɗana. Da zarar labari ya kai inda hankali ya tashi, sai ta sanar cewa ci gaban na kuɗi ne, a tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko katin waya, a nuna shaidar biya, a shiga zauren waɗanda suka biya. Wadda ba ta iya karatu sosai ba tana da wata ƙofar: ana karanta littattafan da murya a ɗora a YouTube, masu shagon cajin waya su sauke su tura wa mutane a memori, yarinya tana wanke-wanke tana saurare.

Dalilan yaɗuwar wannan karatu a yankin ba ɗaya ba ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Arhar waya da sauƙin turawa su ne na fili. Mafi nauyi shi ne yadda rashin tsaro ya ƙuntata rayuwar matashi. A watan Mayun 2019 'yan bindiga sun shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki da dare, suka tafi da wasu masu aiki a cikinta. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai 279 daga Jangebe, gwamnati ta rufe makarantun kwana. Farkon Satumban shekarar aka sake ɗibar ɗalibai a Kaya ta Maradun, aka rufe makarantu da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni. Dandali ya mutu a ƙauyuka da yawa, hira ta taƙaita, zuwa biki a wani gari ya zama kasada. Yarinyar da aka mayar gida daga makaranta, ba fita ba aiki sai na cikin gida, labarin da ke cikin waya shi ne tagar da ta rage mata. Katse layin da aka yi ma bai tsayar da karatun ba, domin abin da aka riga aka sauke ana tura shi daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba.

Dalili na uku yana cikin tarbiyyar Bahaushe kanta. Kunya da kawaici sun hana budurwa ta faɗa wa uwarta wanda take so, sun hana saurayi ya yi kuka a gaban mutane. Littafi yana faɗin abin da baki ya kasa, shi ya sa son farko ya cinye mafi yawan shafukansa. Tun daga In Da So Da Ƙauna, inda 'yar masu kuɗi ta kafe a kan talaka, jigon bai sauya sosai ba: zuciya ta zaɓa, iyaye sun ƙi, dukiya ta shiga tsakani. A wurin da ake aurar da 'yan mata da wuri, wannan ba tatsuniya ba ce. Wa Zai Auri Jahila? ya nuna yarinyar da aka cire daga makaranta aka ba tsoho, ta gudu, ta koma karatu, kuma irin wannan labari ya ba 'yan mata da dama kalmomin da za su yi tunanin halin da suke ciki.

Inda littattafan suka fi rauni shi ne wajen 'yan'uwa da wajen mutuwa, alhali nan ne rayuwar matashin Zurmi ko Shinkafi ta fi buƙatar a duba. A yawancinsu ɗan'uwa kayan aiki ne kawai. Yaya shi ne mai tsawa da duka, ko kuma ɗan baffa ne da ake ce wa Yaya wanda zai rikiɗe ya zama miji. 'Yar'uwa kuwa ko abokiyar sirri ce ko kishiyar ɓoye, musamman idan 'yan uba ne, inda ake juye gabar iyaye mata a kan 'ya'ya. Akwai kuma salon da aka saba, na mace ta rasu a ba mijin ƙanwarta don ta riƙe yara. Duk waɗannan suna faruwa a gidaje, ba ƙarya aka yi ba. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne shaƙuwar da ke tsakanin wa da ƙane waɗanda suka tashi a tabarma ɗaya, suka yi kiwo tare, suka raba allo da fitila, da abin da ke samun ɗaya idan aka wayi gari babu ɗayan.

Mutuwa ma haka take. Tana zuwa da wuri a labari, galibi haɗarin mota ya ɗauke iyaye, don yarinya ta zama marainiya ta faɗa hannun matar uba ko matar kawu. Bayan shafi biyu an share hawaye, labarin ya koma kan soyayya. Wannan ya yi daidai da yadda al'umma ta tsara makoki. Ana zaman gaisuwa kwana uku, wasu su yi sadakar bakwai da ta arba'in, matar mamaci ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Masu gaisuwa suna neman uba da uwa da mata, su ce ya haƙuri, a amsa da haƙuri sai ma'aiki ko da godiya. Ƙanen mamaci ɗan shekara goma sha biyar shi ke shimfiɗa tabarmi, shi ke ɗebo ruwa, shi ake aike kasuwa, kuma ba safai wani ke zaunar da shi ya tambaye shi yadda yake kwana ba. Haƙuri da tawakkali ginshiƙai ne da suka riƙe mutanen yankin a shekarun da ba don su ba da zukata sun tarwatse. Amma addini bai hana hawaye ba, kuma yaron da aka kashe wansa a gona, ko aka tafi da yayarsa daji aka sayar da shanun gida don fansarta, yana ɗauke da wani abu da kalmar haƙuri kaɗai ba ta sauke masa. Da yawa daga cikin masu karatu suna zubar wa marainiyar cikin littafi hawayen da ba su samu wurin zubarwa ba a gidansu, kuma wannan amfani ne na gaske ko da marubuciyar ba ta nufe shi ba.

Fasaha ita ce jigon da ya fi ƙaranci. Tauraron littafin soyayya likita ne, ko soja, ko ɗan kasuwa mai kamfani a Abuja da Dubai. Da wuya a ga mai zane ko mawaƙi, domin ana kallon waƙa a matsayin roƙo, zanen mai rai kuma malamai da yawa suna ƙyamarsa. Abin mamaki ne idan aka tuna ƙasar da ake magana a kanta. Zurmi ce ta fitar da Kassu Zurmi, Isa da ke maƙwabtaka da Shinkafi ita ce fadar da Narambaɗa ya yi wa waƙa, Musa Ɗanƙwairo kuma daga ƙasar Maradun ya taso. Ban da waƙa akwai zayyanar Alƙur'ani, da ɗinkin hula, da zanen lalle da 'yan mata ke ci da kansu da shi a lokacin biki da salla. Kowanne daga ciki zai iya ɗaukar labarin matashi mai neman inda zai sa baƙin cikinsa, amma marubuta ba su waiwaye su ba.

Sakamakon wannan karatu yana da fuska fiye da ɗaya. Ya riƙe karatun boko a hannun 'yan matan da makaranta ta kuɓuce musu, har wasu suka zama marubuta suna samun na sabulu daga cikin ɗaki. A ɗaya gefen, rubutun waya ba ya bi ta hannun mai tacewa. Ƙa'idar rubutu ta lalace, ana haɗe kalmomi, ana zubar da ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, ana cusa Turanci ba dalili. Wasu marubutan sun gano cewa batsa na jawo masu biya, kuma babu shamaki tsakanin matar aure da 'yar shekara goma sha uku a zaure ɗaya. Lokacin da hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafai a Kano a 2007, da lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta nemi marubuta su yi rajista a shekarar da ta biyo, akwai takardar da za a kama. Yanzu babu, kuma ko a wancan lokacin ƙonawar ba ta gyara rubutu ba. Satar fasaha ita ma ta zama ruwan dare, domin mutum ɗaya ya biya, ɗari su karanta.

Akwai wata illa da ba a cika ambata ba. Kusan duk labaran a Kano ko Kaduna ko Abuja suke faruwa, da Hausar Kano, cikin gidaje masu bene. Yarinyar Moriki da ke magana da Zamfarci takan ga karin harshenta ne kawai a bakin 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye don a yi dariya. Wanda ya daɗe yana karanta haka yakan ɗauka cewa garinsu ba wurin da labari ke faruwa ba ne.

Alamun sauyi sun fi bayyana a gajerun labarai. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla ta buɗe da nasarar Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, labarin 'yan gudun hijira, a 2019 kuma Maraici na Safiyya Ahmad ya zo na ɗaya. Alƙalan gasa suna neman abin da ya taɓa rayuwa, don haka marubuciya tana iya tsayawa a kan rashi ba tare da tsoron masu karatu za su watse ba. Dogon labari na waya kuwa yana rayuwa ne da kuɗin da ake turowa shafi bayan shafi, kuma masu biya sun fi son a kai su ga ɗaurin aure. Muddin hanyar samun marubuci ita ce wannan, labarin wa da ƙane a Zurmi zai fi samun gurbi a gasa, ko a rediyo, ko a cikin littattafan da hukumomin jarrabawa ke zaɓa wa ɗaliban Hausa na sakandare, inda ba yawan masu turo kati ke yanke hukunci ba.