Idan mura ta kwantar da Kaka, a tambayi lambar suga

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, ajujuwa daga Anka har Gummi sai su cika da tari da atishawa. A wajen ɗalibi mai shekara 15 mura ba wani abu ba ce. Kwana uku ko huɗu ana jan majina, a sha shayi mai citta, a koma filin ƙwallo. Amma murar da kuka kwaso a aji takan bi ku har gida, inda Kaka take, ko Baba, ko Gwaggon da ta yi shekaru tana fama da ciwon suga. A jikinsu lamarin yakan sha bamban, kuma shi muka ɗauko muku a wannan makon.

Da yawanku kuna firamare lokacin da korona ta shigo Nijeriya a ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Bayan wata biyu, a Afrilu, sai maƙabartun Kano suka fara cika da dattawa. Ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙidaya mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen na iya kasancewa da nasaba da korona. Mafi yawansu sun haura shekara 65, kuma suna da wata cuta a jiki tun kafin annobar. A duk duniya, cututtukan da aka fi samu a jikin waɗanda korona ta yi wa mummunan kamu sun haɗa da hawan jini da ciwon zuciya da ciwon suga.

Likitoci sun yi ta ƙidaya. A Ingila, cikin mutum fiye da 23,000 da korona ta kashe a asibitoci daga farkon Maris zuwa 11 ga Mayun 2020, kusan kashi ɗaya cikin uku masu ciwon suga ne. A Nuwamban 2021 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka ya duba bayanan ƙasashe 13, ya ga cewa cikin duk masu korona kashi 2.5 cikin ɗari ne suka rasu, amma cikin masu ciwon suga kashi 10.2 ne. Wato ninki huɗu.

Binciken da ya fi jan hankalinmu an yi shi ne a lardin Hubei na ƙasar Sin, kan majinyata 7,337, waɗanda 952 daga cikinsu masu ciwon suga ne. Masu binciken sun ware waɗanda sugansu ya tsaya tsakanin 3.9 da 10 a lokacin jinya, da waɗanda nasu ya riƙa haura 10. A rukuni na farko kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ya rasu. A na biyu, mutum 11 cikin ɗari. Dukansu masu ciwon suga ne, cutar da ta kwantar da su ɗaya ce. Irin wannan bincike ba ya tabbatar da cewa sugan shi kaɗai ne ya yi kisan, domin wanda jikinsa ya fi tsanani sugansa yakan fi tashi. Duk da haka tazarar ta yi faɗin da babu likitan da zai kau da kai.

Wani binciken a birnin Wuhan ya duba mutum 605 da ba a taɓa ce musu suna da ciwon suga ba. Waɗanda aka kwantar da su sugansu na safe, kafin cin abinci, ya kai 7 ko ya wuce, haɗarin rasuwarsu cikin kwana 28 ya ninka na masu suga daidai fiye da sau biyu.

Kada ku ce ai korona ta wuce. An ga irin wannan a murar aladu ta 2009, an gani a cutar numfashi ta MERS da ta ɓulla a Saudiyya a 2012, kuma ana ganinsa a murar nan mai kwantar da mutum da ke zagayowa kowace shekara.

Me ya haɗa suga da huhu?

Ku tuna darasin bayoloji. Tuwo da shinkafa da fura da muke ci suna narkewa su zama suga a cikin jini. Wani sashe na jiki da ke bayan tumbi, fankiriyas, yana fitar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe wa sugan hanya ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Mai ciwon suga ko dai insulin ɗinsa bai isa ba, ko kuma jikinsa ya daina jin maganarsa, sai sugan ya taru a jini.

To, idan ƙwayar cuta ta kama huhu, jiki yakan ɗauka yaƙi ne ya zo. Sai ya saki sinadaran firgici irin su kotisol da adirenalin, su kuma su umarci hanta ta zubo sugan da ta ajiye. Shi ya sa marar lafiya kan yi kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba, amma a gwada a ga sugansa ya yi sama. Nan ne 'yan gida suke ruɗewa. Suna ganin tunda bai ci abinci ba, ai sugan ya sauka, har su hana shi maganinsa.

Sugan da ya yi yawa kuma yakan sa fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, su yi sanyi wajen kamo cuta da kashe ta. Yana raunana bangon jijiyoyin jini, ya sa jini ya fi saurin daskarewa, alhali huhu cike yake da ƙananan jijiyoyi masu ɗaukar iskar oksijin. Ƙoda tana ƙoƙarin zubar da sugan ta fitsari, sai ta tafi da ruwan jiki. Ga zazzaɓi yana ƙona ruwa, ga fitsari yana kwashe saura. Cutar na ɗaga suga, sugan na ba cutar fili, haka abin zai yi ta juyawa har sai an tare shi.

Akwai wani ƙarin. Maganin dezametason, wanda binciken Jami'ar Oxford ya nuna a Yunin 2020 yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi, shi kansa yana ɗaga suga sosai. A asibiti ana ba da shi ana gwada jini. A nan kuwa akwai masu sayensa a kemis ko a kasuwa don ciwon jiki, wasu 'yan mata ma don su yi ƙiba. Ƙibar da yake kawowa kumburi ce da tarin kitse, kuma tana iya zuwa da ciwon suga a bayanta.

Abin da ido ba ya gani

Mutanen Anka da Bukkuyum sun san darajar gwajin jini fiye da kowa. A 2010, lokacin da yara ke ta suma da farfaɗiya a Dareta da Abare da 'Yar Galma, an yi ta hasashe iri-iri. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka gwada jini sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinare, wadda a ƙarshe ta yi sanadin rasuwar yara kimanin 400. Suga ma haka yake ɓoyewa. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

Gwajin kuwa ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin daƙiƙoƙi. Da safe kafin a ci komai, lambar mai lafiya takan tsaya ƙasa da 5.6. Idan ta kai 7, kuma aka sake gwadawa wata rana aka ga haka, ciwon suga ne. Wasu na'urorin suna ba da manyan lambobi: 100 a maimakon 5.6, 126 a maimakon 7. Ku raba babbar lambar da 18, za ku sami ƙaramar. Mun ga ya dace ku san wannan lissafin, domin a gidaje da yawa ku ne masu karanta takardar asibiti.

Al'adarmu ta dubiya ma tana buƙatar a duba ta. Mai zuwa gaida marar lafiya yakan riƙo lemon kwalba ko maltina, da kyakkyawar niyya. Wani kuma zai ce a kira mai kemis ya sa ƙarin ruwa, ba tare da sanin cewa wani ruwan ledar suga ne a cikinsa ba. Ga wanda sugansa ya riga ya haura, wannan ƙara wa wuta mai ne. Kafin a ɗaura ruwa, ku ce: "Kawu, a fara gwada sugan Kaka tukuna." Ba rashin kunya ba ne, kuma ma'aikacin lafiya na kirki zai ji daɗin tambayar.

Mai allurar insulin ba ya daina ta don yana rashin lafiya ko ba ya cin abinci, sai dai a tuntuɓi likita kan yawanta. Mai shan ƙwaya kuma da ke amai ko gudawa, a tambayi likita, domin akwai wadda ake dakatarwa idan jiki ya bushe. A riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a gwada suga sau da yawa a rana idan akwai na'ura, a rubuta lambar da lokacin a littafi. Idan kuma gumi da karkarwa suka zo, lambar ta faɗi ƙasa da 3.9, a nan ne lemon mai zaƙi yake da amfani, matuƙar yana iya haɗiya.

Numfashi sama-sama, ruɗewar magana, barcin da ake tashinsa da ƙyar, amai ba tsayawa, duk waɗannan ba na jiran gobe ba ne. Kun san yadda hanyoyinmu suke idan yamma ta yi. Daga Bukkuyum ko Gummi zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, tafiya ce ta sa'o'i da ba kowa ke yarda ya yi ta da dare ba. Gara a kai shi babban asibitin garin da hantsi, tun yana iya zama a kan babur.

Ku ma ba ku fita ba. Akwai nau'in ciwon suga da ke kama yara da matasa, siriri ko mai jiki, wanda fankiriyas ke daina fitar da insulin gaba ɗaya. Sau da yawa mura ko zazzaɓi ne ke tona shi. Idan abokin kwananku a makarantar kwana yana shan ruwa ba ya ƙoshi, yana tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, yana ramewa duk da yana cin abinci, sannan ya fara jan numfashi mai zurfi da sauri, za a iya ɗauka ciwon huhu ne. Ku gaya wa malamin ɗakin kwana ko mai kula da lafiyar makaranta a ranar, ku faɗi maganar ƙishirwar da fitsarin, ku roƙi a gwada masa suga.