YADDA JIRGIN TSERE MAI FILAFILAI KE TUNKARAR ISKA MAI ƘARFI

A watan Agusta na shekarar 1979, jiragen ruwa 303 suka tashi daga kudancin Ingila domin gasar tseren Fastnet. Ƙa'idar gasar ita ce su kewayo wani dutse da ke cikin teku a kudu maso yammacin ƙasar Ailan, sannan su komo Ingila, tafiyar kimanin kilomita 1,120. Ba a yarda a yi amfani da inji ba, iska kaɗai ke tafiyar da jiragen. Suna tsakiyar hanya sai guguwa ta auka musu da dare. 'Yan gasa 15 suka rasa rayukansu, jirage 5 suka nutse, waɗanda suka kai ƙarshen tseren kuwa ba su cika 90 ba. Wannan abin baƙin ciki ya nuna cewa iskar da ke tura jirgi ita ce kuma ke iya halaka shi. Saboda haka gwanintar matuƙi a ranar iska mai ƙarfi ta dogara ne ga sanin yadda zai rage ƙarfin da jirginsa ke karɓa.

Tafiya zuwa inda iska ta fito

Jirgin tsere yana da dogon ginshiƙi a tsaye a tsakiyarsa, wanda ake ɗaura wa manyan ƙyallaye masu ƙwari da ake kira filafilai. Galibi guda biyu ne: babba a bayan ginshiƙin, ƙarami a goshin jirgin. Idan iska tana busowa daga baya, babu abin mamaki, tura jirgin kawai take yi. Tambayar ita ce, ta yaya jirgi zai nufi wajen da iskar ta fito?

Amsar tana cikin siffar filafili. Idan aka ja shi da igiya har ya kusa daidaita da tsawon jirgin, yakan yi ɗan tumbi kamar fiffiken jirgin sama. Iskar da ke bin bayan tumbin ta fi sauri, dannawarta kuma ta fi rauni, a kan wadda ke bin cikinsa. Wannan bambanci shi ke haifar da ƙarfin da ke jan filafilin. Sai dai mafi yawan ƙarfin gefe yake nufa, kaɗan ne ke nufar gaba. Domin hana jirgin zamewa gefe, akan liƙa masa wani faffaɗan allo a ƙarƙashinsa, nutse cikin ruwa, mai ɗauke da nauyin dalma ko ƙarfe. Iska tana turawa ta wannan gefe, ruwa yana tokare allon ta wancan, sai jirgin ya sulluɓe gaba, kamar yadda ƙwallon mangwaro mai santsi kan kuɓuce idan an matse shi tsakanin yatsu.

Duk da haka, babu jirgin filafilai da zai iya fuskantar iska kai tsaye. Iyakar abin da yawancinsu ke iyawa shi ne su karkace daga gare ta da kusurwar digiri 40 zuwa 45. Don haka sai a yi tafiyar karkace-karkace, a nufi dama na ɗan lokaci, a juyo hagu, kamar yadda jaki mai kaya kan hau tudu. A kusurwar digiri 45, wurin da ke da nisan kilomita 10 sai an ci kimanin kilomita 14 kafin a isa gare shi.

Abin da ke faruwa idan iska ta tsananta

Tun a shekarar 1805 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Faransis Bofot, ya tsara ma'aunin ƙarfin iska mai matakai daga 0 zuwa 12. Mataki na 6 shi ne iska mai gudun kilomita 39 zuwa 49 a sa'a, guguwar Fastnet kuwa ta kai mataki na 10, wato wajen kilomita 90 zuwa 100 a sa'a.

Akwai wata dokar kimiyya da ya kamata ɗalibi ya riƙe a nan. Ƙarfin da iska ke dannan filafili da shi yana ƙaruwa ne gwargwadon gudunta sau gudunta. Alal misali, idan gudun iska ya tashi daga kilomita 20 zuwa 40 a sa'a, ƙarfinta ya ninka sau 4 ke nan. Idan ya kai 60, ya ninka sau 9. Bugu da ƙari, jirgin da ke tunkarar iska yana ƙara mata gudu da nasa gudun, kamar yadda mai keke kan ji iska ta fi dukan fuskarsa idan ya nufe ta. Jirgin da ke gudun kilomita 13 a sa'a, a kusurwar digiri 45 da iska mai gudun 40, filafilansa iska mai gudun kusan 50 suke ji.

Sakamakon wannan ƙarfi shi ne jirgin ya kishingiɗa gefe guda. Kishingiɗa kaɗan ba ta da illa, amma da zarar ta wuce digiri 20 zuwa 25, a yawancin jirage gudu yakan ragu. Allon ƙasa ba ya ƙara riƙe ruwa sosai, jirgin ya riƙa zamewa gefe, goshinsa kuma ya dinga neman juyawa cikin iska. Tilas matuƙi ya danne sitiyari don ya hana shi, allon juyawa da ke bayan jirgin kuwa idan ya karkace da yawa ya zama birki.

Dabarun rage ƙarfi

Dabara ta farko ita ce nauyin mutane. Duk wanda ba ya riƙe da igiya yakan zauna a bakin jirgin ta gefen da iska ke fitowa, ƙafafunsa a waje, domin nauyinsu ya taimaki dalmar da ke ƙasa wajen tayar da jirgin. Lissafin irin na sikeli ne: gwargwadon nisan nauyi daga tsakiya, gwargwadon tasirinsa.

Ta biyu ita ce baje filafili. Mai zurfin tumbi ya fi jawo ƙarfi, saboda haka akan ɗaure igiyoyinsa tamau, a kuma ja wayar da ke bayan ginshiƙi har ginshiƙin ya ɗan tanƙwara, tumbin ya ragu. Akan kuma sassauta saman filafilin ya buɗe, iska ta zube ta can, domin ƙarfin da ke sama shi ya fi kishingiɗar da jirgi.

Idan wannan bai wadatar ba, sai a rage faɗin filafilin kansa. A sauko da babban kaɗan, a naɗe gindinsa a ɗaure, a kuma musanya na goshi da wanda ya fi shi ƙanƙanta. Wanda bai ƙware ba yakan ɗauki wannan a matsayin ja da baya, alhali jirgin da aka rage wa filafili ya miƙe tsaye sau da yawa yakan wuce wanda ya kwanta da cikakken filafili. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ƙwararru sukan yi wannan aiki tun da wuri, domin idan iska ta riga ta haukace, tsayuwa a goshin jirgi kanta haɗari ce.

Aikin haɗin gwiwa

Iska ba ta busawa bai ɗaya, takan zo ne bugu-bugu. Akan sa mutum guda ya zuba wa ruwa ido, domin inda bugun iska ke tafe ruwan yakan yi duhu. Da ya hango sai ya ɗaga murya yana ƙidaya daƙiƙoƙin da suka rage. Mai riƙe da igiyar babban filafili ya sassauta daidai lokacin da bugun ya iso, ya sake ja bayan ya wuce. Matuƙi kuma ya ɗan kusantar da goshin jirgin ga iska don filafilai su zubar da wani kashi na ƙarfin.

Raƙuman ruwa su ma suna da tasu dabara. Matuƙi yakan ɗan nufi iska sa'ad da yake hawan raƙumi, ya kuma kauce mata kaɗan a daidai tozo, domin jirgin ya gangara a hankali maimakon ya faɗa rami ya bugu. Lokacin juyawa daga wannan gefe zuwa wancan kuwa, akan jira wurin da ruwa ya ɗan kwanta, domin jirgin da raƙumi ya tare yana tsakiyar juyi yakan tsaya cik, ya daina jin sitiyari. A duk wannan hali kowa yana sanye da rigar ceto, an kuma ɗaure shi da jirgin da ɗamara mai ƙugiya.

Bayan abin da ya faru a 1979 an tsananta dokokin shiga irin wannan gasa, musamman game da kayan ceto da ƙwarewar 'yan jirgi. Amma teku ba ta daina gwaji ba. A watan Disamba na 1998, a tseren Sidni zuwa Hobat a ƙasar Ostareliya, jirage 115 suka tashi, 44 kaɗai suka isa, mutum 6 suka rasu.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai tushen wannan darasi da kwali da fanka. A riƙe kwalin yana fuskantar iskar, a ƙara gudun fankar daga lamba zuwa lamba, a ji yadda dannawar ke ƙaruwa a hannu. Sannan a karkata kwalin, ko a naɗe shi gida biyu, a ji yadda take raguwa.