Ƙarshen Windows 10: Tsofaffin kwamfutocin Kura da Bunkure na cikin haɗari

A shagunan buga takardu na Kura da Bunkure, inda manoman shinkafa ke cike fom da lambar NIN ɗinsu, kwamfutoci da dama na hannu ne, masu aiki da Windows 10.

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina aika wa manhajar gyaran tsaro, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma ɓarakar da masu kutse suka gano daga baya ba mai toshe ta.

Windows 11 kuwa tana buƙatar TPM 2.0, abin da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Linux Mint kyauta ce, sai dai CorelDRAW, wadda ake tsara katin biki da ita, ba a yi ta domin Linux ba.