Gafakar da Ba a Buɗewa

A gidaje da dama na ƙasar Daura, daga Zango zuwa Ɓaure da Mai'aduwa, akwai gafakar da ba wanda ya kwance igiyarta tun rasuwar mai ita. A ciki za ka tarar da warƙoƙin ajami da aka rubuta da tawadar gawayi da ƙaro, ba ɗinki, sai dai a ƙasan shafi an sa kalmar da za ta buɗe na gaba don kada tsari ya rikice. A gefen wata addu'a kuma malamin ya ɗan rubuta ranar da aka haifa masa ɗa, ko shekarar da fari suka cinye gero. Sau da yawa wannan ne kaɗai tarihin gidan da ke rubuce.

Mutanen Zango sun san darajar riƙe asali. A lokacin jihadi, a farkon ƙarni na 19, Malam Isyaku ya karɓi Daura, tsohon gidan sarauta ya fita, wani reshe ya zauna a Zango. Kusan shekara 100 ana nan, har Turawa suka mayar da Malam Musa, na wannan reshe, kan gadon kakanninsa a Daura. Duk tsawon lokacin nan sunayen sarakuna ba su ɓace ba, domin fada tana da makaɗa da maroƙa da dattawa masu jero su. Daga baya masani M.G. Smith ya tattara labarin masarautar, littafinsa ya fito a 1978. To, talaka fa? Ba shi da maroƙi, sai gafaka da bakin kaka.

Bakin kaka kuwa shi ya fi saurin tafiya. Waƙar niƙa ta bi dutsen niƙa tun da inji ya shigo unguwa, kuma a cikinta ne mace ke ambaton iyayenta da garin da aka auro ta, har ta yi wa kishiya habaici. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa danginta marsiyya, ciki har da ɗan'uwanta Muhammadu Bello. Nata ya tsira ne don an rubuta, an yi ta kwafa, mata 'yan taru suna rerawa. Kakanninmu mata ba su sami masu kwafa ba.

Ana yawan ɗora wa gara da ɗigar damina laifi, amma a ganina rabon gado ya fi su ɓarna. Littafi ɗaya sai a kasa shi uku don kada wani ya ce an cuce shi, kowa ya tafi da abin da ba ya karantuwa. Wani kuma tsoro ke hana shi taɓawa, wai kundin malam ba a buɗe shi haka nan.

Aikin bai fi ƙarfin kowa ba. A samu mai karanta ajami ya zauna da 'yan gida, a ɗauki hoton kowane shafi da waya bisa jerinsa, a tura wa dangi. Kada a liƙe takardar da ta yage da salatif, yana cin tawada. A ɗaga gafaka daga ƙasa, nesa da jikin bango. In tsohuwa ta yarda, a naɗi muryarta da dare bayan tuwo, lokacin da hira ke zuwa da kanta. Gidan da ya ga ba zai iya adanawa ba, Arewa House da ke Kaduna na ajiye irin waɗannan rubuce-rubuce.