Yadda Ake Haɗa 'Yan Kaji da Manyan Kajin Gida

Da wuya ka shiga gida a ƙauyukanmu ka rasa kaji. Yara da yawa ma da kaza suke fara dukiya. A ba yaro sagara guda, ta yi ƙwai, ta kwanta a kansu kwana 21, ta ƙyanƙyashe. In Allah ya sa albarka, wata rana sai a sayar da kajin a sayi akuya.

Amma akwai ranar da mai kiwo yakan jawo wa kansa hasara da hannunsa. Ita ce ranar da ya sayo 'yan kaji a kasuwa, ko aka ba shi kyauta, ya zo ya sake su cikin na gida nan take. Kafin a jima sai ka ga manyan sun taso musu da sara, sun kore su daga wurin tsaba, sun fige musu gashin ka. Waɗansu su rame, waɗansu su mutu. To, me ya kawo haka?

Ku sani, kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kowace kuwa ta san matsayinta. Akwai babbarsu wadda take saran kowa, ba mai rama mata. Ita ce take fara cin abinci, ita ce take zaɓen wurin kwana mafi kyau. Ta biyu tana saran duka in ban da ta farin. Haka abin yake bi har ya kai ga ta ƙarshe, wadda ba ta da wanda za ta sara. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, wanda ya tashi yana lura da kaji tun yana yaro, ya rubuta bayanin wannan hali nasu a shekarar 1922. Ku ma in kuka watsa dawa kuka koma gefe kuka zura ido, za ku gani da kanku.

Kaji suna gane junansu ƙwarai. Saboda haka in baƙuwa ta shigo, sai kowace ta so ta nuna mata cewa ita ce gaba da ita. In baƙuwar ƙarama ce, ba ta da ƙarfin ramawa, sai ta sha wuya.

Akwai kuma abin da ya fi sara muni, watau cuta. Kaza takan ɗauko ciwo a kasuwa, amma ka gan ta garau, sai bayan 'yan kwanaki ciwon ya bayyana. Mafi sharri ita ce annobar nan da likitocin dabbobi suke kira Niyukasal, wadda ta fi yin ɓarna da hunturu. Kaza ta takure, ta saki fika-fikai, ta yi ta zawo, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Baƙuwa guda tana iya jawo a wayi gari akurki ya zama kango.

Saboda waɗannan abubuwa biyu, mai hankali yakan bi matakai uku.

Na farko, a ware su. A ajiye baƙin a wani wuri nesa da kajin gida har mako uku ko huɗu, da kaskon ruwansu dabam, da wurin abincinsu dabam. A riƙa duba idanunsu da hancinsu da kashinsu. A ɗaga fiffike a ga ko akwai ƙwarƙwata. In za ka ba da abinci, fara da na gida, sa'an nan ka je wurin baƙin, in ka gama ka wanke hannu da sabulu. A wannan lokaci ne kuma ya kamata a nemi malamin dabbobi ya yi musu rigakafi. Ana yin maganin rigakafin Niyukasal a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, a Jihar Filato. Akwai irin wanda ake ɗiga wa kaza a ido. Rigakafi dai, an ce, ya fi magani.

Na biyu, a bar su su ga juna, amma kada su taɓa juna. A kawo baƙin tsakar gida a kife su da babban kwando mai ƙofofi, ko a yi musu ɗan shinge na waya, a inuwa. A watsa tsaba kusa da kwandon, na ciki suna ci, na waje suna ci. Da fari manyan za su yi ta kewayawa suna miƙa wuya. Bayan kamar mako guda sai su daina kula, don ido ya saba.

Na uku, a haɗa su. Amma a dubi girmansu tukuna. Ɗan tsakon da yake tare da uwarsa yana da mai tsare shi, gama kaza mai 'ya'ya ko shirwa ba ta ƙyalewa, balle 'yar'uwarta kaza. Wanda ba shi da uwa kuwa, sai a jira ya yi wata uku ko huɗu, ya kusa kamo manyan. Kada kuma a saki guda ɗaya tak, don duk saran a kanta zai ƙare. Gara a sake su biyu ko uku ko fiye. Masu kiwo da yawa sukan sa su cikin akurki da dare, domin kaji ba sa gani sosai cikin duhu, ba su da halin faɗa. Da asuba sai a yi sammako a buɗe musu, kada gari ya waye suna kulle tare.

A kwanakin farko a zuba abinci wuri biyu ko uku, nesa da juna, ruwa ma haka, gama babbar kaza ba ta iya tsare wuri uku a lokaci guda. A jingina tsohon faifai ko ƙiraren itace a jikin bango, don ƙanana su sami maɓoya. In fili ya wadata, faɗa yakan ragu.

Duk da haka za a yi ɗan sara, kada wannan ya tsorata ku. Ta haka ne kowace take sanin matsayinta, cikin mako ɗaya ko biyu kuwa sai ƙura ta lafa. Amma in kun ga jini, ku ɗauke mai raunin nan da nan, domin kaji in sun ga ja sai su yi ta caccakar wurin. A ware ta sai ta warke. Zakaru biyu kuwa, in kajin ba su da yawa, da wuya su zauna lafiya. Gara a sayar da ɗaya.

Kun ga aikin duka bai wuce na wata guda da 'yan kwanaki ba. Wanda ya yi gaggawa yana iya rasa baƙin da na gidan gaba ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Don me manyan kaji suke saran baƙi?
2. Mako nawa ya kamata a ware kazar da aka sayo a kasuwa?
3. Mene ne amfanin kife baƙin da kwando a tsakar gida?
4. Ku lura da kajin gidanku kwana uku, ku zo ku faɗa wa malam wace ce babbarsu, da yadda kuka gane ta.